Ƙirga numfashi kafin a ɗauko na'ura

Daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙurar hunturu kan cika mana ɗakin duba marasa lafiya a nan Garwa da masu tari da masu fuka. In an kawo yaro, nakan ce wa uwar, "Maman yaro, ɗage masa riga, ki bar shi a cinyarki." Ba na taɓa shi tukuna, domin da zarar ya ɓarke da kuka lissafi ya lalace.

Minti ɗaya cur nake ƙirgawa. Numfashin jariri yakan yi sauri ya lafa, don haka mai ƙirga daƙiƙa 15 ya ninka sau huɗu zai sha ruɗu. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, 60 a minti ya yi sauri ga wanda bai kai wata 2 ba, 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Babba kuwa 12 zuwa 20 ne daidai. In ya kai 30, ko ya kasa ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja iska, ba ya zaman layi.

Sai ƙasan ƙirji. In yana lotsawa ciki duk lokacin da yaro ya ja iska alhali yana natse, huhu na wahala. Ga hanci na buɗewa, kai na gyaɗawa, ga nishi a ƙarshen kowane numfashi.

Na'urar da muke maƙalawa a yatsa don auna oksijin a jini in ta nuna ƙasa da kashi 90, nakan sa oksijin ta hanci: rabin lita zuwa lita 1 a minti ga sabon haihuwa, 1 zuwa 2 ga wanda bai shekara ba. Amma yatsa mai sanyi da motsi da baƙin lalle duk suna ruɗa ta, sai in ɗumama hannun ko in koma wani yatsan. Harshe da dasashi nake dubawa ko sun yi shuɗi, ba leɓe ba, kuma yaron da maleriya ta shanye wa jini ba lalle ya yi shuɗi ba ko da iska ta yi masa ƙaranci. Da damina, numfashi mai zurfi da ƙirji garau yakan zama maleriya mai tsanani ce, sai a auna jini nan take.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne mai fuka da ƙarar ƙirjinsa ta ɗauke, numfashi ya ragu, yana gyangyaɗi. 'Yan uwa kan ce ya samu sauƙi. Gajiya ce ta ci ƙarfinsa. Nan take nake jingine shi zaune, in sa oksijin, in ba da salbutamol, maganin buɗe hanyar numfashi, in aika a kira likita, jakar busa iska na kusa da hannuna.