Ginin nasa ne, tukwanen namu

Talata, Jidda.

Har yanzu ƙaurin hayaƙi bai bar rigata ba. Da asuba bututun hayaƙin maƙwabcinmu mai shawarma ya kama da wuta, maiƙon da ya daskare a ciki ne ya ci. An kira 998, 'yan Difa'ul Madani, wato 'yan kwana-kwana, suka zo da wuri, Allah ya taƙaita, ba wanda ya ji rauni. Da na leƙa kicin ɗinsa sai na ga silin ya zubo, firji ya narke ta gefe guda, ruwa har idon sawu. Shi kuwa yana zaune kan jiƙaƙƙen buhun shinkafa, ya yi tagumi. Bango ɗaya ya raba mu da shi.

Kawu ya iso da hantsi, ya ce, "Ai mai ginin yana da ta'amin, shi zai biya." Inshora yake nufi. Ni ma haka na ɗauka duk shekarun da na yi ina riƙe masa wannan gidan abinci. Na buɗe yarjejeniyar hayarmu ta Ejar, dandalin rajistar haya na gwamnati, a waya, na karanta tiryan-tiryan, ban ga inda aka ambaci kayanmu ba. Na kira mai ginin. Ya ce inshorarsa ta bango da rufi ce kawai, abin da ɗan haya ya zuba a ciki kuwa ruwan ɗan haya ne. Gabana ya faɗi.

Bayan Azahar na je wurin wani dillalin inshora, sai da na tabbatar yana da lasisin Hukumar Inshora, wadda aka kafa a 2023, sannan na zauna. Ya ce murhu, firji, tebura, tayil da silin da muka saka da kuɗinmu, duk sai mun yi musu tamu takardar. Idan wuta ta tashi daga gasa tsirenmu, wanda mutanen nan ke kira siriya, ta cinye shagon wani ko ta ƙona mai cin abinci, wannan wani sashe ne daban. Haka ma watannin da za a yi a rufe, ana biyan haya da albashi ba ciniki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun ƙima. In kayanka na riyal 300,000 ne ka rubuta 150,000 don kuɗin shekara ya yi sauƙi, ranar asara rabin abin da ya ƙone za a biya ka, sannan a cire kason da ka yarda za ka ɗauka da kanka. Ya kuma gargaɗe ni kan wankin bututu da sabunta tukwanen kashe gobara, don sakaci da su na iya sa a ƙi biya. Na tambaye shi ambaliya, domin ban manta ruwan Nuwamban 2022 ba, ranar da muka yi ta kwalfa da bokiti. Ya ce in tabbatar an rubuta ta ɓaro-ɓaro.

Da na dawo Kawu ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, Allah ke tsarewa." Na ce, "Haka ne Kawu, amma mutum bakwai ke ci daga wannan murhu." Ya tambaya ko ta'awuni ce, wato inshorar taimakekeniya, na ce duk kamfanonin ƙasar nan a kan tsarin suke. Ya ce in kawo takardun ya gani.

Yanzu mun rufe, ina ƙirga kaya ina neman tsofaffin rasit. Mai wankin bututu zai zo ranar Alhamis.