Aikin farfaɗo da tsohuwar Fijo 504 a garejina

Garejina yana Kaduna, ba nisa da Kakuri inda kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a 1975. Shekara da shekaru aikina bai wuce na kowane bakanike ba, wato juyen baƙin mai, gyaran birki da sauke giyabos. Daga baya ne na taƙaita sana'ar ga tsofaffin motoci, musamman Fijo 504 da yayarta 404, domin na lura masu su suna yawo daga wannan gareji zuwa wancan ba su samun wanda zai zauna ya duba musu mota da natsuwa. Mu biyar ne a wurin: ni, da mai walda da bugun bodi, da mai fenti, da yara biyu masu koyon aiki. A shekara ba mu fitar da mota fiye da uku ko huɗu.

Yawancin masu kawo mana aiki suna da wasu motocin na hawa. Wadda suke jawowa da igiya ko su ɗoro a bayan babbar mota, sau da yawa ta mahaifi ce, wadda ya saya da bashin mota lokacin yana aikin gwamnati, ta kuma yi shekaru a ƙarƙashin darbejiya tayoyinta sun nutse a ƙasa. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, amma a nan ƙasar ta zama tamkar 'yar gida: motar manyan ma'aikata, doguwar mai layi uku ta 'yan tasha, da a-kori-kura ta 'yan kasuwar ƙauye. Ita ce kuma ta ci gasar tseren motoci ta Safari a Kenya a 1975, abin da ba ya ba duk wanda ya taɓa bin hanyar burji da ita mamaki.

Idan mota ta iso, ba na fara buɗe inji. Ƙarƙashinta nake shiga da tocila da guduma ƙarama, saboda tsatsa ce take kashe waɗannan motoci. Tana cin daɓen da ke ƙarƙashin ƙafar direba, da mazaunin batir, da gindin ƙofofi, da cikin but inda ruwan sama yake kwanciya idan robar ta mutu. Sai na bi jikin da maganaɗisu. Duk inda ya ƙi kamawa, na san wani ya cika ramin da foti ya shafe da fenti. Irin wannan wuri yanke shi muke yi, mu lanƙwasa sabon ƙarfe daidai da siffar tsohon, mu yi walda kaɗan-kaɗan don kada zafi ya murɗe bodin. Wannan mataki shi kaɗai yakan ci wata biyu, kuma a nan ne haƙurin mai mota yake fara ƙarewa, don yana zuba kuɗi amma idan ya zo ba ya ganin abin da ya canja.

Injin kuwa yana da sauƙin sha'ani ga wanda ya san halinsa. Silinda huɗu ne, mai girman cc 1971 a yawancin waɗanda muke samu, an kwantar da shi gefe guda, gangar jikinsa baƙin ƙarfe, kansa kuma alminiyam. Abin da na fi so a jikinsa shi ne silif, wato hannun rigar da fistin yake kai da komo a ciki, ana zare shi a sa sabo ba tare da an kai injin wurin masu faɗaɗa ramin silinda ba. To amma ruwan lagireto yana zagaye silif ɗin kai tsaye, kuma shekarun da aka yi ana zuba ruwan rijiya sukan cinye mazauninsa. Idan bakanike bai auna tsayin kowane silif da kyau ba kafin ya ɗora gaskit, ruwa zai haɗu da baƙin mai ya koma kamar koko. Na taɓa sake sauke inji gaba ɗaya saboda jabun gaskit da aka sayar mini a cikin kwali mai kyau, kuma asarar a kaina ta ƙare, don ba zan ɗora wa mai mota laifin da ba nasa ba. Kafireta da kwantak, wato abin da ke daidaita wutar fulogi, kuma da kunne ake saita su, abin da yarana suka fi daɗewa ba su iya ba.

Muhawarar da na fi yi da masu mota ita ce ta canja inji. Wani zai ce: "Malam, me zai hana a sa mata injin Toyota kowa ya huta?" Wasu matasan ma sukan kawo mini misalin Amurka, inda tun shekarun 1930 samarin kudancin Kalifoniya suke cire wa tsofaffin Ford murfin taya da duk wani abu mai nauyi, su ƙara wa inji ƙarfi, su yi tsere a busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage. Ford ta 1932, wadda ta kawo injin V8 mai silinda takwas cikin farashin da talaka zai iya, ita ce abin alfaharinsu. Ina girmama wannan sana'a ƙwarai, amma su gudu suke nema, motar kuma a wurinsu kayan aiki ce da za a yanka a sake ɗinkawa. Mutumin da ya kawo mini motar mahaifinsa ƙarar da ya saba ji yana yaro yake son ya sake ji a ƙofar gida. Ban da haka, a 504 sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya tana cikin wani bututun ƙarfe da ya haɗe giyabos da aksul, don haka baƙon inji yana tilasta yanke-yanken da ba a iya mayarwa. Ba na karɓar irin wannan aiki, kuma nakan faɗa wa mutum tun ranar farko don ya nemi wani idan ya ga dama.

Samun kayan gyara ya zama rabin sana'ar. Abin da za a iya ƙerawa, kamar maƙalan salansa, muna kai wa masu aikin ƙarfe a Panteka. Sauran sai an yi cigiya a Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, amma robar gilashi da fitilun baya na asali sun yi wuya sosai. Shi ya sa duk inda na ji labarin matacciyar Fijo nakan je na saye ta kafin 'yan gwangwan su farfasa ta su auna a sikeli. Yanzu haka guda shida ne jere a bayan gareji, kuma daga jikin ɗayansu muka ciro sitiyari da agogon gudu na wata farar 504 da ake yi wa fenti a wannan mako. Idan ta bushe zan hau ta da kaina zuwa Zariya na dawo, taga a buɗe, ina sauraron giya da aksul, kafin na kira mai ita ya zo da iyalinsa su ɗauka.