Wasiƙa Daga Niyok: Masu Ƙidayar Sauro

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Ina gaisuwa, tare da fatan damina ta yi albarka. Yaya kuka ji da sauro?

Mu ma nan muna ji da shi, kada ku ga dogayen benaye a hoto ku ɗauka babu. Daga watan Yuni har zuwa Oktoba yana nan. Zazzaɓin cizon sauro irin namu ba shi ne damuwar mutanen nan ba. Abin da suke tsoro shi ne ƙwayar cutar Yammacin Nilu, wadda aka fara ganowa a Yuganda a 1937.

A watan Agustan 1999 ta ɓulla a yankin Queens. Wata likita, Deborah Asnis, ta lura ana kawo tsofaffi asibiti da zazzaɓi da kumburin ƙwaƙwalwa, sai ta sanar da ma'aikatar lafiya ta birnin. A daidai lokacin hankaki na ta faɗowa matattu a Bronx, unguwar da nake zaune, har tsuntsayen gidan namun daji ba su tsira ba. Da farko an ɗauka wata cuta ce daban. Binciken gawar tsuntsayen ne ya taimaka aka gane gaskiya: sauro ke cizon tsuntsu mai ɗauke da cutar, sannan ya ciji mutum. A shekarar, mutum 62 suka kwanta, 7 suka rasu.

Tun daga nan birnin ya ɗauki ma'aikata waɗanda aikinsu kama sauro ne da ƙidaya shi. Suna kafa tarkuna a lambuna da maƙabartu da bakin fadama. Wani tarkon ruwa mai wari ake zuba masa, don macen da ke neman wurin yin ƙwai ta shigo. Wani kuma fitila ce da iska irin wadda muke fitarwa in muna numfashi. Da safe a kwashe, a kai ɗakin gwaje-gwaje, a ware su iri-iri, a niƙa, a duba ko akwai cutar. Ta haka ake sanin ta shigo unguwa kafin kowa ya kwanta. Wannan na da muhimmanci, domin kusan mutum 8 cikin 10 da suka kamu ba sa jin komai, amma wajen 1 cikin 150 takan taɓa masa ƙwaƙwalwa, kuma har yau babu rigakafinta ga ɗan Adam.

Yawancin yaƙin da tsutsar sauro ake yi. Ana bin ramukan magudanar ruwa na bakin titi, waɗanda sun haura dubu ɗari, ana jefa maganin da ke kashe tsutsar. Fadamar da ƙafa ba ta shiga, jirgi mai saukar ungulu ke zuba mata. Feshi da mota shi ne matakin ƙarshe, da dare ake yi, bayan an sanar da jama'a, kuma a unguwar da gwaji ya nuna haɗari kawai. Wanda ya bar ruwa ya kwanta a gidansa, maƙwabci na iya kiran 311, lambar wayar kai koke ga hukumar birnin, ya kai ƙara, tara kuma takan kai dala 2,000.

Wannan na ƙarshe ba baƙo ba ne gare mu. Iyayenmu sun san duba-gari, mai shiga gida ya leƙa randa da kwata, ya ci tarar maigida. Muna da shi, muka bari ya lalace. Yanzu abin da ya fi burge shugabannin ƙananan hukumomi shi ne a ɗauko injin feshi, a turnuƙe layi da hayaƙi, a ɗauki hoto. Bayan kwana kaɗan lambatun da ya toshe da leda ya ƙyanƙyashe wasu.

Ba na cewa a kwaikwayi Niyok ƙafa da ƙafa, kuɗinmu ba ɗaya ba. Amma mu daina ɗaukar kowane zazzaɓi a matsayin maleriya. A 2019 zazzaɓin shawara ya yi ɓarna a Alkaleri ta jihar Bauchi, a ƙarshen 2023 kuma an tabbatar da zazzaɓin denge a Sakkwato. Sauron da ke yaɗa su da rana yake cizo, a tsohuwar taya da gwangwani da randar da ba a rufe ba yake haihuwa, don haka gidan sauro kaɗai ba ya tare shi. Jami'o'inmu na Kano da Zariya da Sakkwato suna da malaman da suka san ƙwari. Tarko ba tsada gare shi ba. In kun haɗu da kansilanku, ku tambaye shi wa ke duba lambatun mazaɓarsa, kuma yaushe rabon da a kai sauron unguwar gwaji.

A gaida kowa da kowa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Ɗan'uwanku,
daga Bronx, Niyok