Tsohuwar taswirar kawuna da kufan da ta kai ni

A tsohon Maraɗi aka haifi kakata ta wajen uwa, garin da ke ƙasa cikin fadama, kafin ambaliyar 1945 ta rusa shi Turawan Faransa su hau da mutane bisa tudu inda muke zaune yanzu. Ina ƙarami idan na raka ta garka, takan tsaya ta miƙa hannu wajen wasu mangwarori ta ce, "Ɗan nan, can ɗakin uwata yake." Ni ban ga komai ba sai ganye da rijiyoyin masu lambu. Amma maganar ta zauna mini a rai, kuma ita ce ta sa shekaru da yawa bayan rasuwarta na sayi na'urar gano ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa.

Kafin 2014 da wuya ka ga irin wannan na'ura a nan. Da aka samu zinariya a Jado sai ta cika gari, kowa ya sayar da abin hannunsa ya nufi arewa. Wasu sun samu, da yawa sun dawo da na'urar kawai da bashi a wuya. Hannun ɗaya daga cikinsu na sayi tawa, ƙirar kamfanin Minelab ce, sandarta ɗaure da roba. Ni malamin makaranta ne, labarin ƙasa nake koyarwa, kuma ba zinariya nake nema ba. Abin da ya faru a Ɗan Isa a watan Nuwamba na 2021, da rami ya rufta da masu haƙa, ya isa ya sa mutum ya ji tsoron wannan hanya. Abin da ke gabana shi ne abin da ya faɗi daga hannun mutanen da suka riga mu, zobe ne ko kan kibiya ko likkafa ko kuɗin da aka daina ci.

Watannina na farko a fadama na yi su, ina zaton ai nan ne tsohon gari, to nan ne kaya. Marafan kwalba na tara da gwangwanayen tumatir da ƙusoshi. Daga baya na gane dalili. Gulbin Maraɗi duk damina yana shimfiɗa laka da yashi, shekara bisa shekara, ita kuma na'ura irin tawa ba ta jin ƙaramin kuɗi idan ya wuce zurfin taƙi ɗaya da ɗan ƙari. Abin da ke garin kakata ya yi nisa da kunnenta. Wurin da ya fi kowane wuri tarihi a wajena shi ne wanda ya fi wuyar bincike, kuma har yau ban sami ko allura ba da zan iya cewa ta tsohon gari ce.

Kawuna ne ya canza mini hanya. Ya yi aiki da ma'aikatar gona har ya yi ritaya, kuma a cikin akwatinsa na ƙarfe akwai taswirar yankin Maraɗi ta IGN, hukumar zana taswira ta Faransa, mai ma'aunin 1 bisa 200,000, irin waɗanda aka zana daga hotunan da jirgin sama ya ɗauka a shekarun 1950. Gara ta ci kusurwa ɗaya, wajen ninkin kuma ya tsage an liƙe. Da ya ba ni sai ya ce, "Riƙe ta da kyau, ɗana. Akwai garuruwa a cikinta da babu su a ƙasa yanzu."

Daren nan ban yi barci da wuri ba. Na shimfiɗa ta a tabarma, na ɗora wayar salula a gefe da hoton tauraron ɗan adam na yau, ina bin ɗigo ɗaya bayan ɗaya. Ga ƙauye a takarda, ga shi a waya. Ga wani a takarda, a waya kuwa gonar hatsi ce fetal. Irin waɗannan su ne abin nema. Mutanenmu sun yi ta tashi bayan an zana taswirar: wasu rijiya ce ta ƙafe, wasu fari na 1973 da na 1984 ya kore su, wasu kuma da kwalta ta zo sai suka kwashe suka koma bakin hanya don ciniki. Duk inda gari ya tashi, ya bar kufai.

Sai dai dole mutum ya iya karanta rubutun Bafaranshe kafin ya amfana. Tsibiri ya zama Tibiri a hannunsu, Tasawa ta zama Tessaoua, Gidan Rumji ya zama Guidan Roumdji, gulbi kuma goulbi. Idan ka mayar da sunayen cikin Hausa ka faɗe su da baki, sai su fara ba ka labari. Duk sunan da ya fara da Kufan, ai ya riga ya faɗa maka abin da ke wurin. Zango masaukin fatake ne, inda ake sauke kaya a ɗaure dabbobi a ƙirga kuɗi, kuma inda ake ƙirga kuɗi da dare ba a rasa wanda ya faɗi cikin rairayi. Maƙera ta nuna wuta da tama. Birni ya nuna ganuwa, ko da yanzu ta zama ɗan tudun da garma ke hawa. Wanda na fi so shi ne Sabon Gari ko Sabon Birni, domin ba a kiran abu sabo sai in akwai tsoho, kuma tsohon ba ya cika yin nisa. Wannan karatun suna ya fi mini amfani a kan layukan da ke nuna tudu da kwari, don ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, tazarar layukan kuma ta yi yawa ga irin ƴan tuddanmu. Abin da nake dubawa a cikinsu guda ne: gefen da jigawa ke gangarawa fadama. Nan mutanen dauri suke son zama, kusa da ruwa amma inda ruwa ba ya hawa.

Akwai abin da taswirar ba za ta yi maka ba, kuma gara a san shi tun da wuri. A wannan ma'auni santimita ɗaya kilomita 2 ce a ƙasa, milimita ɗaya mita 200. Ɗigon ƙauye da bai fi kan allura ba ya rufe fili mai mita 200 tsawo da 200 faɗi, wato hekta 4. Idan kana share faɗin mita 2 da na'ura a kowane zuwa, sai ka yi sahu 100, tafiyar kilomita 20 ke nan a hankali, kana lilo da hannu cikin rana. Ga shi kuma lambobin gefen tsohuwar taswira ba su dacewa daidai da na GPS ɗin waya, domin ba da ma'auni ɗaya aka auna duniya ba a lokacin da yanzu. Ni abin da nake yi shi ne in ɗauki hoton takardar, in ɗora shi bisa Google Earth, in ja shi har wuraren da na san ba su motsa ba su hau kan juna. Gulbi ba ya cikin waɗannan, yana sauya kwanciya. Hanyar mota ma an sha miƙar da ita. Tsakiyar tsofaffin garuruwa da tsofaffin rijiyoyi su nake kamawa. Duk da haka kuskuren mita ɗari biyu ko uku ba ya ba ni mamaki.

Da na ƙara zurfafawa sai na sami wasu abubuwa biyu a intanet. Na farko hotunan da taurarin leƙen asirin Amurka masu suna Corona suka ɗauka tsakanin 1960 da 1972, waɗanda aka buɗe wa jama'a a 1995. Baƙi da fari ne, amma a cikinsu kana ganin burtali da hanyoyin ƙafa suna haɗuwa wuri ɗaya kamar saƙar gizo, kuma inda suka haɗu gari ne ko rijiya. Na biyu taswirorin tawagar Tilho, da ta yi aikin shata iyaka tsakanin Faransa da Ingila daga kogin Kwara zuwa tabkin Cadi tsakanin 1906 da 1909. Su ba su kai ka gona, amma suna gaya maka sunan da ya riga ya wanzu tun kafin a haifi kakannin mu. Abin da ya wuce nan, zamanin da Katsinawa suka bar Birnin Katsina a 1807 har sarkinsu Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajajen 1819, ko lokacin da Gobirawa suka kafa Tsibiri, wannan sai a bakin tsofaffi da maroƙan fada.

Wurin da na fi jin daɗinsa yana arewa da gari, tafiyar ƙasa da awa ɗaya a kan babur. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma dalilin zai zo. Taswirar ta nuna ƙauye da alamar rijiya inda hanyoyi uku suka gamu; a waya babu komai sai kukoki biyar a tsakiyar gonaki. Kuka ba ta cika taruwa haka a daji ita kaɗai ba. Na je bayan kaka, an kwashe hatsi, kara ya kwanta. Kafin in sauke na'ura na fara zuwa wurin mai gari da goro, na gaishe shi, na shimfiɗa takardar a gabansa na ce, "Ranka ya daɗe, wannan garin nake tambaya." Bai iya karatun boko ba, amma da na faɗi sunan sai ya yi shiru, sannan ya aika a kira wani dattijo da ya ce a can aka yanke masa cibi.

Dattijon bai kalli taswirar ba ko sau ɗaya. Ya shiga gaba da sandarsa, muka wuce inda GPS ya ce in tsaya, muka ƙara tafiya mai ɗan dama wajen gabas, sannan ya dogara sandar ya ce, "Malam, nan ka tsaya bisa kasuwa. Can mahauta, nan masu gishiri. Waccan kuka kuwa kada ka matsa mata, kusheyi na nan." Na ce, "To Baba, na ji." Da na duba ƙasa sai ga tsingaro ko'ina, ƙasar ma ta fi ta kewaye duhu saboda toka da shara ta shekaru.

A yini biyu na samu anini uku, ƙaramin kuɗin nan na Ingilishi mai huda a tsakiya, wanda ya nuna ciniki da Katsina da Jibiya bai taɓa sanin iyaka ba. Na samu tamma ɗaya ta zamanin Faransa, da rabin munduwar tagulla, da wani guntun linzami da tsatsa ta cinye. Gefen da ya ce maƙera suke, na'urar ba ta yi shiru ba saboda kashin maƙera da ya cika wurin. Wuri kuwa, wanda shi ne kuɗin kasuwar kafin duk waɗannan, na'ura ba ta jin sa tunda ba ƙarfe ba ne. Biyun da na samu da ido na gan su. Da na sa wa dattijon anini a tafin hannu sai ya juya shi ya juya, ya ce uwarsa takan zura su a zare ta ɗaura a ƙugu ranar kasuwa.

Yanzu ga dalilin ɓoye suna. Na ga yadda ake yi idan labari ya fita cewa an samu wani abu a gona: kwana biyu wurin ya zama ramuka, mai gona ya rasa shukarsa, abin da aka tono kuma ya bi dillalai. Haka aka yi wa Bura, wani wurin tarihi a yammacin ƙasar nan, inda bayan binciken da Bube Gado ya yi a 1983 masu haƙa suka yi ta wawashe tukwane da gumakan ƙasa ana fita da su waje. Nijar tana da doka kan wannan, mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997, wadda ke kare kayan tarihi, kuma tonon wurin tarihi aiki ne na masu izni. Shi ya sa na tsaya inda garma ta riga ta juya, ba na wuce zurfin da hauya ke kai wa, ba na zuwa kusa da kabari ko wurin da mutanen gari ke girmamawa, kuma duk ramin da na buɗe ina mayar da ƙasarsa. Ranar da na ga abin da ya fi ƙarfina, tukunya a binne ko ƙashi, rufewa zan yi in sanar da masu binciken IRSH, cibiyar nazarin al'umma da tarihi ta jami'ar Abdu Mumuni a Yamai. Kudu kuwa, wajen dajin Baban Rafi da bakin iyaka, akwai ɗigo da yawa a taswirar da nake marmari, amma da halin tsaron da ake ciki ban taka ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya shiga can da na'ura a kafaɗa.

Kowane abu da na ɗauka yana cikin ƴar ledarsa da takarda: rana, lambar GPS, zurfi, da abin da dattijon ya ce game da wurin. Littafin da nake rubuta wannan ya fi mini kayan daraja, don anini irin wannan ana samun sa a hannun masu tsofaffin kaya, amma wanda zai ce maka nan masu gishiri ke zama saura ƙalilan. Na kai kayan aji, yara suka yi ta miƙa wa juna, wata yarinya ta ce kakanta ma yana maganar wani gari da suka taso daga cikinsa. Na sa ta tambayo sunan. Ta kawo, na duba, yana cikin taswirar kawuna, ɗan yatsa biyu daga inda gara ta ci. Na riga na aika wa mai garinsu gaisuwa, kuma kakan ya ce in bari a gama sussuka zai raka ni da kansa.