Taransistan bogi ya kwanar da motar Kawu a gangaren Ngaundere

Duk mai kayan gyara da ya miƙo maka taransista 2SC1969 sabo fil, ƙafafu na walƙiya, ya ce maka na Mitsubishi ne, riƙe kuɗinka tukuna. Kamfanin ya daina ƙera shi shekaru da yawa da suka wuce, amma har gobe ana zuba shi a kasuwa kwali-kwali. Ni dai ya riga ya ci ni. Kuma ba kuɗin ne ke ƙona mini rai ba, motar Kawuna ce da ta kwana a daji da kaya, abokiyar tafiyarta ba ta sani ba.

Gyaran rediyo da talabijin nake yi a Garwa, wajen Yalwa. Kawu yana da manyan motoci da ke ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere, su biyo ta Garwa da Marwa har Kusiri, wani lokacin su tsallaka gada zuwa Njamena. Bibbiyu suke tafiya, kuma duk wanda ya san hanyar nan ya san wuraren da wayar salula ba ta da amfani. Shi ya sa ya sayo rediyon CB na gwanjo, irin wanda direbobi ke magana da juna da shi, Cobra 148 GTL, kowace mota ɗaya. Guda daga ciki fainal ɗinsa, wato taransistan ƙarshe mai ba da ƙarfin aika magana, 2SC1969 ɗin nan, a ƙone ya zo. Abu biyu ya nema a wurina: a ƙara ƙarfi, a kuma ƙara tashoshi.

Zancen tashoshi yana da dalili. Tashoshi 40 ɗin da rediyon ke zuwa da su, daga 26.965 zuwa 27.405 megahaz, a 2024 ba sa shiguwa da rana. Shekarar ce rana ta kai ƙololuwar zagayenta na shekara 11, sama ta buɗe wa maganar nesa, daga hantsi har la'asar muryoyin Italiya da Sifen da Brazil ne ke cika lasifika. Direban da ke gabanka kaɗan ba ka jin sa, wani da ke zaune a Turai ya danne shi. Aikin ƙara tashoshin bai wahalar ba. Makunni biyu na sa a ƙafafun MB8719, guntun da ke zaɓen tasha, na ɗan taɓa naɗin VCO, sashen da ke samar da zangon, don ya kama a sama da ƙasa, na tabbatar da ma'aunin zango. Duk haɗin da zai kai megahaz 28.000 na toshe shi, domin daga nan zuwa 29.700 filin masu lasin rediyon sha'awa ne, ba na direbobi ba. Na kuma faɗa wa Kawu ƙiri-ƙiri ya je ya daidaita takardunsa da hukumar ART mai kula da sadarwa a Kamaru kafin a kafa eriya ko ɗaya, don daga Marwa zuwa Mora da Waza jami'an tsaro ba sa wasa da motar da suka ga doguwar eriya a kanta.

Sai fainal. Na je wurin wani mai kayan lantarki da na daɗe ina ciniki da shi, ya zaro mini 2SC1969 daga leda. Rubutu raɗau, tambarin lu'ulu'u uku yana nan. Na ɗora a mita, ƙafafu uku duk sun amsa yadda ya kamata. Na liƙa, na sa mika, fallen da ke hana wuta tsallakawa zuwa ƙarfen rediyo, da farin man zafi a bayansa, na daidaita wutar zamansa, wato wadda yake ja ko babu magana, na yi fito a makirfo, allura ta tashi ta kusa wat 10 a SSB, ɗaya daga salon aika murya na rediyon. Ga rediyon da aka ƙera shi ya ba da wat 12, kuma tsoho, wannan ba abin zargi ba ne. Aka kafa a mota, aka tafi.

Da dare suna gangaren dutsen nan na Ngaundere, wanda kowane direba ke salati kafin ya shige shi, motar baya ta sami matsalar iskar birki. Direban ya yi dabara ya raɓe gefe, ya ɗauki makirfo yana kiran na gaba. Ya ce ya ji an amsa sau ɗaya, muryar na yankewa, sai ya danne makirfo ya yi ta bayanin inda yake. Yana cikin magana fitilar rediyon ta ɗauke. Fis ya tsinke. Yaron mota, da kyakkyawar niyya, ya naɗa wayar tagulla a madadin fis, suka sake kunnawa. Taransistan ya riga ya haɗe ciki, wuta ta bi ta kansa kai tsaye, layukan fanel suka ƙone, wanda ke tura fainal ma ya tafi. Motar gaba ta wuce har Mbe tana zaton ana biye da ita. Mutum biyu suka kwana a gefen dutse da kayan mutane, sai da gari ya waye wata mota ta kai labari.

Da Kawu ya kawo mini rediyon bai ɗaga murya ba. Ajiye shi ya yi a kan teburi ya ce, "Ɗana, ba kai ka ce ka gwada ba?" Na ce, "Na gwada, Kawu." Ya ce, "To, Allah ya kyauta," ya juya. Har yanzu in na tuna yadda ya juya ɗin nan sai in ji wani abu ya tokare ni a ƙirji.

A daren ban yi barci ba sai da na fasa taransistan. Na matse shi a filaya, baƙar robar ta tsage, na ɗauko tsohon da aka zo da shi a ƙone na fasa shi ma, na jera su ƙarƙashin fitila. Ɗan farin da ke cikin sabon, wato zuciyar taransistan, bai kai ƙwayar gero ba, da siraran wayoyi biyu kacal. Na asalin ya ninka shi sau da yawa. Na goga tina a bayan wani da ya rage a ledar, rubutun ya bi auduga. Wani ƙaramin taransista ne na aikin yau da kullum aka kankare sunansa aka buga masa wannan. Mita ba za ta taɓa tona shi ba, don ita wutar batir take aunawa da ita, ba ta san abin da zai yi a megahaz 27 yana ɗauke da amfiya biyu ba. Na gaske, takardar kamfani ta ce yana ba da wat 16 a bolt 12, kuma an gina shi ne ya jure eriya marar kyau. Da motar ta dawo na auna eriyarta, girgizar hanya ta sassauta gindinta, SWR, ma'aunin ƙarfin da eriya ke mayar wa rediyo maimakon ta watsa, ya kusa 3, wanda ya yi yawa. Na asali da ya ɗauki wannan ya yi zafi ya ci gaba da aiki. Na bogi minti kaɗan ya yi.

Na koma wurin mai kayan da guntayen biyu a tafin hannu. Ya duba, ya ce, "Wallahi Malam, yadda aka kawo mini haka na sayar maka." Na yarda ba shi ya buga rubutun ba. Amma bai sauke sauran daga kanta ba, kuma wannan ne ban yafe ba.

Gyaran na biyu da kuɗina na yi shi, kuma ban sake neman 2SC1969 ba. Wani irin taransista, IRF520, na sa. Har yanzu ana ƙera shi, yana da araha, kuma jerin ƙafafunsa ya dace da ramukan tsohon. Sai dai ba cire-ka-sa ba ne. Tsohon, abin da bai kai bolt ɗaya ba yake buƙata a ƙafar shiga, shi kuwa wannan ba ya buɗewa sai tsakanin bolt 2 da 4, kuma kowane guda da nasa wurin. Dole ka canza hanyar wutar zaman, ka sa rezista mai juyawa, ka fara daga sifiri, rediyo a SSB, makirfo a danne babu magana, idonka a kan ma'aunin amfiya. Kar ka bi lambar bolt da wani ya rubuta, wutar da yake ja za ka bi. Shiru za ka ga allura, shiru, sai ta zabura lokaci guda, saboda haka a hankali ake juyawa. In ya ɗau zafi kuma wutar na ƙaruwa da kanta, sai ka bar shi ya gasu ka sake dubawa. Bayansa na ɗauke da wuta, mika dole ce. Lokacin hunturu kuwa, da iska ke bushewa har riga na tartsatsi, taɓa ƙarfen teburi kafin ka taɓa ƙafafunsa, in ba haka ba za ka kashe shi tun bai shiga rediyo ba.

Abin da ya canza a shagona shi ne gwaji. Na haɗa rezista 20 masu om 1000, wat 2 kowanne, gefe da gefe, suka ba ni om 50, na tsoma su a gwangwanin mai. Ba masu naɗin waya a ciki ba, waɗannan ba sa aikin rediyo. Duk fainal ɗin da zai fita daga hannuna sai ya yi doguwar magana a kan wannan, a danne a saki, a danne a saki, da tsakar rana. A Garwa watan Maris da Afrilu zafi na wuce digiri 40 a inuwa, cikin kan mota kuwa ya fi haka nesa. Fito ɗaya da sanyin safiya, na bogi ma yana cin wannan jarrabawar. Shi ya ci ta a gabana.

Ƙarfin da Kawu ya nema kuwa ban ba shi ba. A wat 12 na tsayar, ko da yake IRF520 zai iya wuce haka. Na zaunar da shi na yi masa lissafi: kafin allurar mai sauraro ta motsa layi ɗaya cikakke, sai ka ninka ƙarfinka sau huɗu. Daga 12 zuwa 18 babu kunnen da zai ji bambanci, zafi kawai ka ƙara wa ƙarfen baya. Masu buɗe naɗin wayar da ke bayan fainal don allurar wat ta yi sama, yaudarar kansu suke yi. Matatar da ke tare ninkin zango suke lalatawa, allura kuma ba ta bambance mai kyau da datti, duka take haɗawa. Ninki biyu na 27 shi ne 54, ninki huɗu 108, daidai ƙarshen zangon FM da farkon na na'urorin saukar jiragen sama, ga filin jirgi a cikin Garwa. Mai cire abin da ke ƙayyade murya ma haka, maganarsa ta fantsama tashoshin maƙwabta, ta kuma daina fita sarai.

Eriya ce ta ba mu nisan. Rubu'in tsawon zango, wato tsawon eriyar da ba a gajarta ba, a nan kusan mita 2.7 ne, gajerun eriyoyin nan masu naɗi a gindi kuwa filinsu ƙunci ne. In ka daidaita su a tsakiyar tashoshi 40 sannan ka hau sabbin tashoshin sama, SWR zai tashi ba tare da kowa ya lura ba. Duk wanda ya ƙara tashoshi, ya zaɓi inda zai riƙa magana ya daidaita eriya a nan, ya kankare fenti da tsatsa a gindinta har ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, ya sa wanki mai hana kwancewa. Manyan motocin nan kuma bolt 24 ne, rediyo 13.8 yake so. A sa na'urar rage wuta mai kyau, kar a ja daga batir ɗaya, yana kashe batirin. Na ɗaure fis na ajiya a jikin wayar kowane rediyo da salatif, na kuma ce wa yaran mota in ya tsinke sau biyu a jere su kashe su bar shi, kar wanda ya sake naɗa tagulla.

Yanzu duk CB ɗin da ya mutu na gani a gwanjo ina saye in dai farashin ya yi, don fainal ɗin da ke ciki. Tsoho mai ƙafafu da dalma, wanda aka ciro daga rediyon da aka ƙera tun kamfanin na yin sa, shi kaɗai na yarda da shi. Kawu ya soma zancen a sayo amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfi. Na ce masa sai an fara ɗauke eriyoyin daga jikin madubi an mai da su saman kan mota, mu ga nisan da za a samu, sannan mu yi wannan maganar.