Asabar ɗin da na raka maƙwabcina sayen harsashi

Asabar, farkon Nuwamba, wani gari a jihar New York ta Amurka, can arewa da birnin New York.

Yau ba aiki, niyyata in sha barci har hantsi, amma ƙarfe takwas maƙwabcina ya ƙwanƙwasa ƙofa. Motarsa na wurin bakanike, yana so in kai shi shagon kayan farauta ya sayi harsashi, domin Asabar ta uku ga watan nan ake buɗe farautar barewa da bindiga a yankinmu. Dattijo ne Bature, tsohon ma'aikacin masana'anta, shi ke kwashe mana ƙanƙara a ƙofar gida duk hunturu ba tare da an roƙe shi ba. Irinsa ba a ce masa a'a.

Muna fita gari muka fara wuce gidajen da aka kafa wa alluna, wasu har rubutun ya koɗe, duk suna kira a soke dokar SAFE, wato dokar jihar da ta tsaurara mallakar bindiga. Na yi kuskuren nuna ɗaya da baki, shi ke nan na taɓo masa inda ke yi masa ƙaiƙayi. Dokar ta biyo bayan kisan Sandy Hook na Disamban 2012, inda aka hallaka yara 20 da manya 6 a makarantar firamare a jihar Connecticut. Gwamna Andrew Cuomo ya sa mata hannu ranar 15 ga Janairun 2013. Dattijo ya ce shi ma ya yi kukan yaran nan, amma har gobe bai yafe yadda aka yi dokar ba: cikin dare, ba a ma bar kwana ukun da aka saba ba 'yan majalisa su karanta ba. Gaggawar ce ta haifi ƙa'idar nan ta cewa kana iya mallakar gidan harsashi mai cin goma amma bakwai kaɗai za ka loda, wadda wani alƙalin tarayya ya soke kafin shekarar ta ƙare.

Shagon cike yake da maharba, kowa da hular lemo mai ɗaukar ido. Da mai shagon ya ji ban san komai ba sai ya sauko da wata doguwar bindiga, ya duba cikinta ba komai, ya miƙo mini. Irin wadda ke ɗana kanta ce bayan kowane harbi. Abin da ya fara ba ni mamaki mariƙinta. An liƙa masa wani faffaɗan faifan roba ta baya, yadda babban yatsa ba zai iya zagaya shi ba. Ka riƙe ta sai ka ji hannunka a karkace, tana neman suɓucewa. Ya ce da faifan halal ce a idon doka, in ka kwance shi da sukudireba ka aikata babban laifi da zai iya kai ka gidan yari. Haka abin yake: in bindigar mai ɗana kanta ce, kuma ana zare gidan harsashinta, to siffa ɗaya tak ta isa ta haramta ta, ko mariƙi irin na ƙaramar bindiga, ko gindi mai naɗewa, ko wurin maƙala banati, ko baki mai zaren ɗaura wani abu. Wanda kuwa ya nace sai da mariƙin, dole ya yarda a kulle gidan harsashin, sai ya ɓalle bindigar biyu kafin ya sake lodi.

Na juya ta, na sake juyawa. Harsashin bai canza ba, nisan da yake ci bai ragu ba, kunamar ma ita ce dai. A nan kam na ba su gaskiya. Kamar a ce za a hana akuya ɓarna a gona ta hanyar canza mata launin igiya.

Sai aka zo biyan kuɗi. Tun Satumban 2023, ko kwalin harsashi ɗaya za ka saya a jihar nan sai an binciki tarihinka ta kwamfuta, ka kuma biya dala biyu da rabi kuɗin binciken. Na bindiga dala tara ne. Mai shagon ya shigar da bayanan dattijo, muka tsaya. Amsa ta fito: a jira. Ba a ce an hana ba, ba a ce an yarda ba. Mutumin da ya fara farauta tun ban zo duniya ba ya koma kan benci yana murza hularsa, fuskarsa ta yi jawur.

Zaman jiran nan ne ya buɗe bakin kowa. Wani ya ce jikansa ɗan shekara 20 yana aikin soja, amma in ya zo hutu ba zai iya sayen bindiga mai ɗana kanta ba sai ya cika 21 ya kuma nemi lasisi. Wani ya kawo zancen Remington, da ta rufe masana'antarta ta Ilion a Maris ɗin 2024 ta tattara zuwa Georgia, bayan an shafe kusan shekara 200 ana ƙera bindiga a wannan yanki. Su dai a wurinsu dokokin jiha ne suka kore ta, ko da yake kamfanin ya sha karyewa kafin nan. Amma maganar da ta fi shiga ni ta dattijo ce. Yana da wata bindiga da ya saya tun kafin dokar, ya bi umarni ya yi mata rajista kafin wa'adin Afrilun 2014. To, wadda aka yi wa irin wannan rajista ba ta gaduwa a cikin jiha. In ya rasu, ɗansa da ke garin nan ba zai ɗauke ta ba, sai dai a miƙa wa dillali mai lasisi ko a fitar da ita wata jiha. Ya ce, "Da na yi shiru kamar wasu, wa zai sani? Ni da na kai kaina ne aka hana ɗana gado." Duk wanda ya tashi a gidan da ake gadon takobi ko kwari da baka ya san zafin wannan.

Duk da haka ban iya haɗiye tawa ba. Na ce su tuna abin da ya kawo dokar shekara 21 ɗin: ranar 14 ga Mayun 2022 wani yaro ɗan shekara 18 ya tuƙa mota har birnin Buffalo na jihar nan, ya shiga kantin cefane ya kashe mutum 10, dukansu baƙaƙen fata, don launinsu kawai. Ni baƙi ne, matata ma a irin wannan kanti take cefane. Wani mai gemu ya ce ai hujjarsu ke nan, domin bindigar yaron mai kullallen gidan harsashi ce, irin wadda doka ta yarda da ita, ya je gida ya cire makullin da kansa. Na ce na yarda makullin bai tsinana komai ba, amma da akwai sharaɗin shekaru da lasisi a lokacin, da ba a sayar masa da ita a kan kanta ba. Aka ɗan yi shiru, wani ya yi tari, mai shagon ya tambayi wa ke son ƙarin kofi. Ni dai inda na tsaya ke nan: dokar da ke duba wanda zai riƙe bindiga ina bayanta, wadda ke auna siffar roba kuwa wahalar da masu bin doka kawai take yi. Damuwar ita ce su sun haɗa duka sun ƙi, 'yan majalisar jiha da ke Albany kuma sun haɗa duka sun rungume.

Sai bayan azahar amincewar ta fito, muka kamo hanya da kwali biyu. Ya yi mini alkawarin cinya in ya dace. Uwargida na jin haka ta ce, "Wa zai yi bisimilla kafin harbin?" Wannan kuma sai na tambayi liman ranar Juma'a.

Da daddare na kira Yaya a Gusau na ba shi labari. Dariya ya yi har da tari. Ya ce, "Wato mutanen naka kukansu mariƙi ne da jiran rabin yini?" Ya tuna mini sanarwar da gwamnatin Zamfara ta yi a Yunin 2022 cewa jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu, alhali ikon bayar da lasisin a hannun tarayya yake tun dokar makamai ta 1959. Sanarwar ta bi iska, 'yan bindiga kuwa ba su taɓa cike fom ba. Na ce ai dattijo ma kusan haka ya faɗa da safe. Yaya ya ce to in gaishe shi, sannan ya shiga zancen kuɗin makarantar yara, katin ya ƙare muna tsaka da lissafi.