Furen da ya ƙi tashi

Talata, Garwa.

Tun da na idar da sallar asuba nake fama da jan furen da ke tsakiyar zanen gadon amarya. Saura kwana tara biki. Na cike shi tsaf da zare, amma in na ja da baya na duba, sai ka ce manja aka ɗiga a faranti. Ya kwanta, ba rai.

Da hantsi na naɗe shi na hau mashin zuwa Yelwa, wurin Gwaggo. Ba ta ko saka tabarau ba, yatsa ta sa ta shafa.

“’Yar nan, ai duk zarenki gabas ya fuskanta.”

Ta ce kowane kunnen fure a ja zarensa daga gindi zuwa baki, kowanne da inda ya dosa. Haske zai bugi wannan ya bar wancan a inuwa, ja ɗaya ya koma kamar uku. A cibiyar kuma a sa mai duhu, ruwan goron da ya tsufa, a ɗaure shi ƙulli-ƙulli don ya yi tudu. Koren ganyen da na zaɓa ma ta ce ya cika ihu, yana ƙwace wa furen ido.

Daga nan ta buɗe akwati ta fiddo tsohuwar atamfar Holan ta aurenta, irin ta Vlisco, kamfanin da ke Helmond tun 1846. Ta ɗaga ta a rana. Ciki da baya duk ɗaya, ga siraran layuka kamar jijiya inda kakin ya tsage rini ya shiga, ga ruwan ɗorawa ya ɗan zarce iyakar furen. Wallahi wannan ’yar zarcewar ce ke sa furen kamar yana motsi. Zanena na 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, da ke jikina fuska ɗaya aka buga masa. Ina son sa duk da haka, na CICAM ne, kamfanin atamfa na Kamaru, masaƙarsu na nan Garwa, bugun kuma a Duwala.

Na dawo na warware aikin kwana biyu, har da ɗan hawaye. Bayan isha’i aka ɗauke wuta, na ci gaba da tocila a haƙora. Kunne uku na gama. Da na karkata zanen, na farkon ya yi duhu, na biyun ya ɗau ƙyalli. Saura biyar, sai gobe in Allah ya kai mu.